Jitar Agadas da kalangun da muka jingine

Ranar Juma'a 3 ga watan Mayun 2024, tun kafin in karya na sayi data. Na yi makonni ina ƙirga kwanaki, domin a ranar ce Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar mai kaɗa jita, da ƙungiyarsa ta Agadas za su saki sabon kundinsu, Funeral for Justice. Waƙa tara ce a ciki. Na zauna a bencin shagon wani tela abokina, na toshe kunnuwana, ban ɗago ba sai da ta tara ta ƙare, sannan na koma ta farko. Telan ya daɗe yana kallona yadda nake kaɗa ƙafa, can ya tsayar da keken ya ce, "Wai Malam, Tamashek ɗin kake ji ne, ko dai ɗokin ne kawai?"

Ba na jin Tamashek, sai 'yan kalmomin gaisuwa. Na san abin da waƙoƙin ke cewa ta hanyar fassara: akwai wadda ke kiran Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace, akwai wadda ta fuskanci Faransa gaba da gaba kan abin da ta yi wa Nijar. Wannan yana da muhimmanci a wurina. Amma amsar da na ba telan ita ce, mutum huɗu nake jira in ji, kowanne da hannunsa. Ina so in ji abin da Souleymane Ibrahim zai yi da gangunansa a wannan karon. Ina so in ji yadda Ahmoudou Madassane zai riƙe gindin kiɗan da jitarsa, yana maimaita zango ɗaya ba gajiya, don Mdou ya samu inda zai taka ya yi sama. Mikey Coltun, Ba'amurken da ke cikinsu, shi ke kaɗa jita mai kaurin murya, yana cike ƙasa. Shi kuma Mdou, bahago ne, idan ya saki yatsunsa a kan tsirkiya sai ka ji kamar ana zubo tsakuwa a kan kwano. Daɗin yana cikin yadda suke sauraron juna. Mai ganga ya ƙara wuta kaɗan, sauran su ji a jikinsu su bi shi, ya sake ƙarawa, har kiɗan ya kai inda babu wanda ya tsara tun farko.

Wannan abin da nake tsallaka iyaka da kunnena in nemo, mu Hausawa mun fi kowa saninsa. Ra'ayina shi ne mun jingine shi da hannunmu, kuma masoya waƙa na da hannu dumu-dumu a ciki.

Duk wanda ya tashi da kaset ɗin Musa Ɗanƙwairo ya san yadda yake da 'yan amshinsa. Ya ɗauko baiti ya kai rabi ya sake shi, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi masa ƙari, kotso na tafiya a ƙarƙashi. Haka Narambaɗa ya yi kafinsa a fadar Isa. Mamman Shata kuwa, kalangu magana yake yi da shi, mai kiɗa ya matse tsarkiya a hammata ya faɗi abin da bakin mawaƙi bai faɗa ba tukuna, sanƙira na gefe yana zuba kirari. Barmani Choge da matanta da ƙwaryarsu, su ma ƙungiya ce cikakkiya. Dattawan da suka halarci wasan Shata za su gaya maka waƙa ɗaya ba ta taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu. Wanda ya shigo fili, da wanda ya yi kyauta, da yanayin daren, duk suna shiga cikin waƙar. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013. Makaɗan da suka tsaya a bayansu fa? Kaɗan ne cikinmu za su iya kawo sunan ko mutum ɗaya.

A shekarun 1990, da finafinan Hausa suka kunno kai, fiyano ya shigo, daga baya kwamfuta ta karɓe shi. Mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki ya zama shi ne mai kalangu, shi ne mai goge, shi ne mai sarewa. Ba zan zagi wannan ba, don na san alherinsa. Yaron da ubansa ba makaɗi ba ne, ba shi da kuɗin ciyar da mutum goma, ya samu hanyar fitar da abin da ke zuciyarsa, kuma an samu mawaƙa masu hikimar kalma da muryar da ke ratsa jiki. Ni kaina wayata cike take da su.

Shi kansa Mdou Moctar ta wannan ƙofar ya shigo, kuma a gidanmu. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da kiɗan kwamfuta da muryar da na'ura ta lanƙwasa irin ta waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin suka bi Bluetooth daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, suka ratsa Nijar suka shiga Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga ciki, ya sa ta a tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Babu rediyon da ya tallata shi, masoya ne suka yi dakonsa. To amma da ya samu hali bai tsaya a ɗakin kwamfuta ba. Ya nemi abokan kiɗa, suka yi ta wasa a bukukuwan aure, suka goge da juna. Yaron da ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, yau kamfanin Matador na Amurka ne ke fitar da kundinsa, tun daga Afrique Victime a 2021.

Me ya sa Agadas ta riƙe ƙungiya mu muka saki? Na ga amsar da idona a wani biki da na halarta can, bayan doguwar tafiya ta Damagaram da Tanut. Da la'asar sakaliya aka shimfiɗa tabarmi a kan titi, aka tayar da janareto, aka jera lasifiku biyu da suka sha ƙura. Samari huɗu da rawani suka zauna suna ɗaure tsirkiya. Wayar jita ɗaya tana ɗauke sauti, wani yaro ya tsuguna ya riƙe ta da hannu har aka tashi. Da aka fara, mata suka fito bibbiyu suna rawa a tsakiya, ana guɗa, ana liƙa wa makaɗa takardun sefa a goshi. Wata dattijuwa ta shigo fili tana takawa a hankali, nan take mai ganga ya sassauta don ya dace da ƙafarta, sauran suka sauko tare da shi ba wanda ya kalli wani. Da ta fita suka mayar da wutar. Hausa ake ta yi a gefena, har mai shayin da ke bayanmu. Ban ji baƙunta ba ko kaɗan, kuma bai kamata in ji ba: a Kano muna da unguwar Agadasawa, kuma baƙin rawani mai sheƙi da Abzinawa ke ji da shi, ɗan Kura ake ce masa, daga marinar Kura ya samo suna.

Biki ne ke ciyar da waɗannan ƙungiyoyi. Etran de L'Aïr, wato Taurarin Abzin, 'yan'uwan juna ne da suka fara a 1995 da jita ɗaya tak wadda ba ta lantarki ba, gangarsu kuwa ƙwarya ce ana bugunta da silifa. Sun yi fiye da shekara ashirin suna bin bukukuwan talakawa a Agadas da ƙauyukanta kafin kundinsu na farko ya fita waje a 2018. Na biyu ya biyo a 2022, na uku a 2024. Idan ka saurari ukun a jere za ka ji kayan ɗaukar sauti na ƙara kyau, amma hannun bai canza ba, domin an riga an gasa shi a gaban mutanen da za su tashi su bar fili idan kiɗa bai yi ba. Irin wannan ƙungiya ita ce ake ɗokin sabon aikinta da hujja. Ka san mutanen, ka san daga inda suka taso, kana so ka ji inda tafiyar ta kai su.

Yanzu a dubi bikinmu. An kama zaure mai tsada, an yi anko, an kawo mai kwalliya da mai hoto, an kawo DJ. Idan masu biki na da hali su gayyato mawaƙi. Ya iso da filashi a aljihu, DJ ya saka, shi kuma ya riƙe makirfo yana mamin, ana yi masa liƙi. Waƙar da ka ji a waya jiya ita ce dai, ba ƙari ba ragi. Ko amarya ta yi rawa ko ta zauna, kiɗan bai san tana wurin ba. Mun yarda da wannan, muna tafi, muna ɗauka a waya. Mawaƙin da ya ga an biya shi cikakken kuɗi a kan mamin, me zai sa ya ɗauki nauyin makaɗa biyar, ya yi ta atisaye da su?

Na san abin da za a ce. Za a ce tsada. Gaskiya ne mutum biyar sun fi mutum ɗaya ci, amma mutanen Agadas ba su fi na Kano ko Kaduna kuɗi ba, kuma abin da ake kashewa a adon zaure kaɗai a wasu bukukuwan ya isa ya sallami makaɗa. Za a ce Ɗanmaraya Jos shi kaɗai ne da kuntiginsa, kuma ya girgiza duniya. Haka ne, sai dai da hannunsa yake kaɗawa a gabanka, idan ka yi dariya ya ji, ya ƙara maka. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta matsayi. Al'ummarmu ta daɗe tana kallon kiɗa a matsayin roƙo, ɗan makaɗi da ya yi boko yakan ɓoye sana'ar gidansu, kuma uba ba ya son a ce 'yarsa ta auri mai ganga. Fiyano ya ba matasa damar zama mawaƙa ba tare da an kira su maroƙa ba. Wannan ciwo ne na gaske, ba na raina shi. Amma a Yamai, jagoran ƙungiyar Tal National, wanda ake kira Almeida, ya yi aikin alƙalanci yana kuma kaɗa jita, ƙungiyarsa na waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek. Tinariwen ta Abzinawan Mali ta ci kyautar Grammy a 2012. Bombino, ɗan yankin Agadas, ya shiga jerin 'yan takararta da kundinsa Deran na 2018. Mutuncin mai kaɗa tsirkiya yana ƙaruwa ne a inda jama'arsa suka ɗauke shi da daraja.

Akwai abin da ke damuna game da ƙungiyoyin Agadas ɗin su ma, kuma ba zan ɓoye ba. Sabon kundi yanzu a Turai da Amurka yake fara sauka, a kan faifan garmaho, da farashin dala. Mai sauraro na Tawa ko Maraɗi sai dai ya jira YouTube ko ya je wurin masu tura waƙa. Wani lokaci kuma nakan ji ƙarar jitar ta yi yawa, kamar an auna ta da kunnen matasan can. Duk da haka masoyan can sun nuna abin da so ke nufi. Lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Mdou da abokansa biyu suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale. Masoyansu suka yi karo-karo ta intanet don ɗaukar nauyin zamansu. A wannan zaman ne suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki, cikin sanyin murya da kewar gida, aikin da ya fito a Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice. Shi ma na jira shi, kuma a wasu dararen na fi son sa a kan na farkon.

Yawancinmu ba mu da katin da zai biya dala, ban ga laifin kowa a nan ba. Inda kuɗinmu ke magana shi ne gidan biki, da suna, da naɗin sarauta, da taron makaranta. Mai son waƙa da ya gayyato mawaƙi yana da ikon cewa, a zo da makaɗa, ko mutum uku ne. Mawaƙanmu na zamani da suka yi suna suna da ikon ɗauko mai kalangu da mai gurmi da mai jita su zauna tare wata shida, su fitar da aiki ɗaya da hannu aka kaɗa shi daga farko har ƙarshe. Na tabbata akwai kunnuwa da yawa da ke jiran wannan, ko da masu su ba su sani ba tukuna.

Bikin ƙanwata na tafe bayan Sallah, na ce a bar mini ɓangaren kiɗa. Na yi kwana uku ina tambaya kafin a kwatanta mini gidan wani dattijo mai kalangu a bayan gari. Na same shi a zaure, kalangun na rataye a ƙusa, fatar baki ɗaya ta tsage. Ya ce, "Ɗana, rabon da a kira ni biki tun kafin azumin bara." Abokan kiɗansa biyu na nan da rai, ɗansa kuma da ya koya wa tun yana ƙarami yanzu Adaidaita yake ja. Na ce, "Baba, a gyara fatar, kuma don Allah a zo da shi." Ya ɗan yi shiru, sannan ya miƙa hannu ya sauko da kalangun, ya fara warware tsarkiyar.