Takardar "je ka sayo" ba daga nas ta fara ba

Jama'a, mu daina sauke fushinmu duka a kan nas ɗin da ta miƙo mana takarda ta ce a je a sayo. Akwai masu tsawa da wulaƙanci a cikinsu, ban ce babu ba. Amma safar hannu da sirinji da ledar ƙarin ruwa da ake tura mai jinya ya sayo a kemis ɗin bakin ƙofa, ba ita ta ɓoye su ba. Asusun asibitin ne ya rame.

An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Yawancin magungunanmu daga Indiya da Sin suke zuwa, waɗanda ake haɗawa a gida ma da dala ake sayo sinadaransu. Tun a 2023 kamfanin magani na GSK, mai yin Ventolin, ya sanar zai daina harka kai-tsaye a Najeriya, masu asma kuwa sun san yadda kuɗin Ventolin ya koma.

Ga inda ba a cika lura ba. Asibitocin gwamnati da yawa da asusun juya kuɗin magani suke aiki: a sayo kwali, a sayar wa majinyata, a koma da kuɗin a sake sayowa. To in farashi ya ninka kafin kwalin ya ƙare, kuɗin da ya dawo rabin kwali zai saya. Ga kuma bashi, don ba a korar mace mai naƙuda cikin dare saboda mijinta bai haɗo kuɗi ba. Juyi biyu, juyi uku, kanta ta zama wayam. Duk mai shago a babbar kasuwar Sakkwato ya san wannan karyewar jarin, sai dai shi in ya ga dama ya rufe shago ya huta, asibiti ba ya rufewa.

Sai wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin Band A, rukunin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit, a watan da zafin garin nan ke wuce digiri 40. Firjin jini, kwalbar jarirai bakwaini, injin wankin ƙoda, ɗakin tiyata, babu mai jiran a dawo da wuta. Janareta ne zai sha man gas, kuɗinsa kuma a kati da gwaji da gado zai fito.

Likita mai hali ya nemi Saudiyya ko Ingila, wanda ya rage ya ɗauki layin mutum biyu. Ba a ma maganar masu shara da masu tura keken majinyata 'yan wucin gadi, waɗanda daga kuɗin shigar asibiti ake biyansu. Su ne farkon shiga bashin albashi, su ne farkon sallama.

Majinyacin kuma ba ya zuwa da wuri. Mutumin Tangaza ko Isa sai ya lissafa kuɗin mota kafin na kati. Ya fara da kemis, ya sayi rabin maganin, ya koma sassaƙe, sai jiki ya yi tsanani a ɗauko shi ranga-ranga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko Asibitin Ƙwararru, lokacin da zazzaɓin ya kai ga ƙarin jini.

Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, Najeriya da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa kaiwa ba. Ni dai ra'ayina, a ɗan dakata da sababbin gine-ginen yanka ƙyalle. A sa sola a ɗakin haihuwa da ma'ajiyar jini, a sake zuba jari a asusun magani, a biya wa marasa ƙarfi rajistar SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Sakkwato, a kuma riƙa liƙa farashin kowane magani a bango inda mai jinya zai karanta kafin ya fita waje.