Burin da aka sa wa rana

A yawancin shekaru, watan Afrilu ne ake gudun fanfalaki na birnin Landan, kilomita 42 da mita 195, kuma cikin dubban da ke fitowa 'yan kaɗan ne gudu yake sana'arsu. Sauran malaman makaranta ne, direbobin bas, ma'aikatan jinya, iyayen yara ƙanana. Zamana a Ingila ya sa na yi aiki kafaɗa da kafaɗa da irinsu, kuma na tabbatar ba su fi mu lokaci ba. Wasunsu ma sun fi mu fama da rashinsa.

A gida, idan magidanci mai aiki da iyali ya ce yana shirin gudun kilomita 42, ko hawan wani dutse, ko rubuta littafi, amsar da zai fara ji ita ce, lallai ba ka da aikin yi. Shi kansa ba ya ma bari maganar ta fito. Yakan ce sai na samu sarari, bari yara su tasa, bari hankali ya kwanta. Ni kuwa ban taɓa ganin wanda hankalinsa ya kwanta ya tashi ya soma ba. Juriya kam muna da ita, babu mai koya mana. Amma juriyar da dole ta ɗora mana muke girmamawa, wahalar da mutum ya zaɓa da kansa kuwa sai mu ɗauke ta wasa.

Bambancin da na gani a nan shi ne suna sa wa burinsu rana. Mutum zai yi rajista tun watanni kafin gasar, ya liƙa jadawalin atisaye na mako 16 a jikin firiji, ya gaya wa kowa a ofis. Daga nan babu ja da baya. Na san wata abokiyar aiki da takalman gudunta ke zaune ƙarƙashin teburinta, da tawul a leda. Idan lokacin hutun rana ya yi, za ta fita cikin yayyafi, ta dawo kumatunta jajur, ta zauna gaban kwamfuta kamar ba ta je ko'ina ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a gudun fanfalaki wannan magana ba ado ba ce: wajen kilomita 30 sukarin da jiki ya adana a tsoka da hanta yake ƙarewa, ƙafafu su yi nauyi, wanda bai saba wa jikinsa doguwar tafiya mako bayan mako ba a nan yake tsayawa.

Abin yana da tarihi a wajensu. Roger Bannister ɗalibin likita ne a asibitin St Mary's da ke Landan, a hutun rana yake atisaye. Ranar 6 ga Mayu 1954 ya leƙa asibiti da safe, ya hau jirgin ƙasa zuwa Oxford, da yamma ya zama mutum na farko da ya gudu mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu. Chris Brasher, ɗaya daga cikin waɗanda suka ja masa gaba a ranar, shi ne daga baya ya haɗu da John Disley suka kafa gudun Landan a 1981. A Japan, Yuki Kawauchi yana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci ya je Amurka ya lashe gudun Boston a 2018. Wadda ta fi girgiza ni ita ce Jasmin Paris, likitar dabbobi kuma uwa. A Janairun 2019 ta lashe gasar Spine, mil 268 a tsaunukan arewacin Ingila cikin tsananin hunturu, ta doke maza da mata, tana tatsar nononta don 'yarta a wuraren tsayawa. A Maris 2024 ta zama mace ta farko da ta kammala gasar Barkley a Amurka, saura daƙiƙa 99 wa'adin awa 60 ya cika.

Sai dai ba duk abin da suke yi nake so mu kwaso ba. A nan lokacin mutum nasa ne shi kaɗai, yana iya kashe waya ya ɓace awa uku ranar Lahadi, babu mai ganin laifinsa. Mu kuwa lokacinmu na mutane ne, kuma ban ɗauki wannan a matsayin koma baya ba. Na ga gidajen da buri ya cinye, miji ya dawo daga doguwar tafiya ya kwanta yini guda, matar ce ta yi wanka wa yara, ta raka su wasa, ta sake yin haka makon gaba, wata huɗu a jere. Ranar gasa shi aka rataya wa lambar yabo. Wannan ba ya burge ni ko kaɗan.

Waɗanda na ga abin ya yi musu kyau su ne suka zauna da iyalinsu tun farko suka yi magana a fili: ga abin da nake so in yi, ga ranar, ga awannin da zai ci, me zan ɗauke miki a madadinsu, kuma yaushe naki zai zo? Suka yanki lokacin daga barcin asuba da latsa waya, suka bar na yara yadda yake. Wasu ma da gudun kilomita 5 na safiyar Asabar suka fara, wanda ake kira parkrun, kyauta ne, da mutum 13 aka soma shi a filin shaƙatawa na Bushy Park da ke Landan a 2004. Yara na biye da su a gefe, wani uban ma yana tura keken jariri yana gudu.