Shekara Bakwai, Amma Babu Kuɗin Jirgin Komowa

A Ostareliya yau abin tinƙaho ne mutum ya gano kakan kakansa fursuna ne da aka kwaso daga Birtaniya. Labarin da aka fi so shi ne na ɓarawon da ya gama wa'adinsa, ya samu gona, ya yi arziki. An yi irinsu. Ni dai ban yarda labarinsu ya cinye na sauran ba.

Daga 1788, da jiragen ruwa 11 na farko suka isa bayan tafiyar kusan wata takwas, zuwa 1868, an kwashe mutum kimanin 162,000, yawancinsu saboda sata. Alƙali yakan yanke shekara 7 ko 14 ko rai da rai. Sai dai gwamnatin da ta kai mutum ba ta biya masa kuɗin komowa. Talakan da ya saci riga don yunwa, ina zai samo kuɗin jirgi? Shekara bakwai a takarda, rabuwa da mata da 'ya'ya har kabari a zahiri.

Da ya sauka, sai a damƙa shi ga wani Bature mai gona, ya yi sassabe, ya yi kiwon tumaki a ƙasar da aka ƙwace daga 'yan asalin wurin. In ubangidan ya kai ƙararsa gaban majistare, bulala ce. Mai taurin kai kuma a tura shi Port Arthur a tsibirin Tasmaniya, inda aka ɗaure karnuka a jere a bakin siririyar hanyar fita. A wani sashe na kurkukun an hana magana ɗungurungum. Da lamba ake kiran mutum, in zai fito daga ɗaki a rufe masa fuska, ko a coci kowa da akurkinsa, kada ya ga na kusa da shi.

Masu kare tsarin sukan ce ai da yawansu rataya ke jiransu a gida. Haka ne. Amma in tausayi ne, me ya hana a mayar da wanda ya gama wa'adi? Hannun aiki na kyauta ake nema.

Kuma da an so, ana iyawa. Leburorin gona shida na ƙauyen Tolpuddle da ke Ingila, da aka kai a 1834 saboda rantsuwar ƙungiyar ƙwadago, an yafe musu a 1836 aka dawo da su gida, bayan mutum kusan 800,000 sun sa hannu a takardar koke. Ɓarawon riga ba shi da mai sa masa hannu.