Ƙidayar dare ɗaya ba ta kama kowa

Da yawa idan suka ji an ce marasa matsuguni a wata ƙasa sun kai adadi kaza, sai su ɗauka an ƙirga kowa da kowa ke nan. Ba haka abin yake ba.

A Amurka, alal misali, ana yin ƙidayar ne a dare ɗaya cikin kwanaki goma na ƙarshen Janairu. 'Yan sa-kai na fita da tocila suna leƙa ƙarƙashin gadoji da tashoshin mota, sannan a haɗa da waɗanda suka kwana a gidajen agaji. A 2024 an samu mutum 771,480. Amma wanda ya rasa gida a Maris ya samu a Oktoba, babu shi a lissafin.

Waɗanda suka fi damuna su ne masu ɓuya. Mace mai goyo da wuya ta shimfiɗa kwali a bakin titi. Tsoron cin zarafi da tsoron a raba ta da ɗanta kan sa ta raɓa a ɗakin ƙawa yau, gobe na 'yar'uwa, kayanta ƙunshe a jaka ɗaya. Wannan ƙidayar ba ta ɗaukar ta marar gida, sai mata da yara su ragu a takarda.

Makarantun ƙasar kuwa suna ƙirga har yaran da ke raɓe a gidajen wasu, kuma sukan samu ɗalibai fiye da miliyan ɗaya a shekara.