Alƙaluman Kanada a buɗe suke, amma ka san wa aka ƙirga kafin ka ɗauki lamba

'Yan'uwa ɗalibai masu digiri na biyu da na uku a fannin zamantakewa, tattalin arziki ko lafiyar al'umma, waɗanda ke Kanada da waɗanda ke gida suna son kwatanta ƙasashe, wannan maganar taku ce. Samun alƙaluman Kanada ba shi da wuya. Hukumar ƙididdigar ƙasar, Statistics Canada, tun 1918 take aiki, kuma tun 2012 ta buɗe jadawalanta kyauta ga duk mai intanet. Babu rajista, babu kuɗi, ba sai ka san wani ba. Ni a ganina wannan sauƙin ne ke kayar da mutane. Ɗalibi zai ga lamba tsaf daga hukumar da duniya ta yarda da ita, ya kwafa ya zuba a babi na huɗu, bai tambayi wa aka ƙirga ba, a wace shekara, a cikin wace iyaka, kuma ta wace hanya. Lambar daidai take, amma abin da ya sa ta faɗa ba shi ta faɗa ba.

Mu fara da jadawalai, domin nan kowa ke farawa. Kowane jadawali yana da lambarsa, kuma ita za ka riƙe, don sunaye suna kama da juna. 14-10-0287-01 shi ne na aiki da rashin aiki wata-wata. 18-10-0004-01 na farashin kayan masarufi ne. 17-10-0005-01 kuma ƙiyasin yawan jama'a ne a ranar 1 ga Yulin kowace shekara. Idan kana karanta muƙalar da aka rubuta kafin 2018, za ka ga ana ambaton CANSIM da lambobi irin 282-0087. Tsohon tsarin ke nan, an sauya shi, amma idan ka sa tsohuwar lambar a akwatin bincike za ta kai ka ga sabuwar. Abin da shafin ke nuna maka da farko tsakure ne kawai, 'yan watannin baya-bayan nan na ƙasa baki ɗaya. Shiga wurin ƙarawa da rage bayanai ka zaɓi lardi, shekaru da rukunin mutane, ko ka sauke dukkan jadawalin a matsayin CSV, wato fayil ɗin da manhajojin lissafi ke iya buɗewa. Mai aiki da manhajar lissafi ta R ya ɗauko kunshinta na cansim da cancensus ya huta da kwafa da hannu. Sannan ka rubuta ranar da ka sauke, domin ana gyara alƙaluman baya lokaci-lokaci, kuma wanda zai duba aikinka bayan shekara biyu yana iya ganin wata lamba dabam.

Kada ka goge ƙananan haruffan da ke gefen lamba don jadawalinka ya yi kyau. E na nufin a yi hattara da lambar, F na nufin ba ta kai a buga ta ba, x kuma an ɓoye ta ne don kare sirrin mutane. Gurbin da aka sa wa x ba sifili ba ne. Duk wanda ya bar manhaja ta mayar da shi sifili ya lalata lissafinsa tun daga tushe.

Ƙidaya ita ce inda ya kamata a daɗe. Ana yin ta duk shekara biyar, ta 2021 ta ƙirga mutum 36,991,981. Takarda iri biyu ce. Tambayoyin gajeruwar kowane gida ake yi wa, wato na shekaru, jinsi, aure da harshe. Doguwar kuma gida ɗaya cikin huɗu take samu a 2016 da 2021, kuma a cikinta ne ake tambayar ilimi, sana'a, wurin haihuwa, ƙabila da yanayin muhalli. Ke nan yawancin abin da mai binciken zamantakewa ke nema daga samfuri ya fito, ba daga ƙirga kowa da kowa ba, don haka yana da tazarar kuskure kamar kowane samfuri.

Shekarar 2011 kuwa sai an yi mata kallo na musamman. A 2010 gwamnatin Stephen Harper ta soke wajabcin cika doguwar takarda, ta maye gurbinta da wani bincike na ganin dama, National Household Survey. Shugaban hukumar na lokacin, Munir Sheikh, ya ajiye aikinsa a kan wannan batu. Gidajen da suka amsa ba su kai kashi 70 cikin ɗari ba, alhali a 2006 sun haura kashi 90. Matsalar ba ta tsaya a raguwar yawa ba. Waɗanda ke ƙin amsa tambayar ganin dama ba su yi kama da masu amsawa ba, don haka hoton ya karkace, musamman a ƙananan garuruwa, har aka ƙi buga bayanan ƙananan hukumomi sama da 1,000. Hukumar da kanta ta gargaɗi masu bincike kan kwatanta alƙaluman ƙarancin kuɗin shiga na 2011 da na ƙidayoyin baya. An dawo da wajabcin a ƙarshen 2015. Idan ka ja layi daga 2006 zuwa 2011 zuwa 2016 ka ga ya lanƙwasa a tsakiya, kada ka yi saurin neman dalili a siyasa ko tattalin arziki. Mai yiwuwa ma'aunin ne ya sauya. Ka sa wa 2011 alama a zanenka, ka yi bayani a ƙasansa. Irin wannan hattarar ake bukata da kuɗin shiga na ƙidayar 2021, domin na shekarar 2020 ne, lokacin da gwamnati ta raba tallafin korona mai yawa. Talauci ya ragu a takarda a wannan shekarar, amma shekara ce da ba ta kama da sauran.

Ga wani abu da ke rikita sababbi. Ka buɗe bayanan wata unguwa, ka tara maza da mata, jimillar ta ƙi dacewa da wadda aka rubuta a sama. Ba kuskure ba ne. Hukumar tana mayar da kowace lamba zuwa mai ƙarewa da 0 ko 5 ta hanyar ƙuri'a, don kada a gane mutum. Idan ainihin adadin 13 ne, zai iya fitowa 10 ko 15. A alƙaluman doguwar takarda, abin da bai kai 10 ba yana komawa 0 ko 10. A birni mai mutum miliyan wannan ba komai ba ne, amma a rukuni mai mutum 20 zai iya juya maka kaso gaba ɗaya. Saboda haka kada ka tara ƙananan gurabe don samun jimilla, ka ɗauko jimillar da aka buga. Kuma sifili a ƙaramin wuri ba hujja ba ce cewa babu kowa.

Sai iyaka. Idan ka ce Toronto, wacce? Birnin da ke ƙarƙashin magajin gari yana da mutum 2,794,356 a 2021. Babban yankin birnin, wanda ake kira CMA, wanda ya haɗa da Mississauga da Brampton da Markham, yana da 6,202,225. Wanda ya ɗauko adadin baƙi daga ɗaya ya raba da yawan jama'ar ɗayan ya samu lambar da ba ta wakiltar ko'ina. Iyakokin kuma suna motsi tsakanin ƙidaya da ƙidaya, ana haɗe garuruwa, ana raba unguwanni. Haka nan adadin ƙidaya dabam yake da ƙiyasin yawan jama'a: ƙiyasin 2021 ya haura miliyan 38, domin an ƙara waɗanda ƙidaya ta tsallake. Idan kana lissafin abu a kan kowane mutum 100,000, ƙiyasin za ka sa a ƙasa.

Da yawa daga cikinmu batun baƙi masu ƙaura da 'yan Afirka ne ke kawo mu ga waɗannan alƙaluma, kuma akwai abin dubawa. A 2021 kashi 23 cikin ɗari na mazauna Kanada baƙi ne da aka ba izinin zama na dindindin, kuma Najeriya ce ta biyar a jerin ƙasashen da sababbin zuwa tsakanin 2016 da 2021 suka fito, bayan Indiya, Filifin, Sin da Siriya. Amma lura da ma'anar kalmar a wurinsu. Ɗalibi mai bizar karatu da ma'aikaci na wucin gadi ba sa cikin wannan rukuni, nasu rukunin dabam ne. Mai binciken 'yan Najeriya da ya manta da wannan ya zubar da ɗalibai kaf. Rukunin baƙar fata, mutum kusan miliyan 1.5, ya haɗa wanda ya sauka daga Kano bara, da ɗan Jamaika, da ɗan Haiti, da wanda kakanninsa ke Nova Scotia tun ƙarni na 18. Matsakaicin kuɗin shigar wannan rukuni ba ya ba ka labarin ko ɗaya daga cikinsu sai ka tsaga shi da wurin haihuwa da shekarar zuwa. Hausa tana da layinta a jadawalin harsuna na 2021, amma tambayar harshe kashi-kashi ce: harshen uwa dabam, wanda ake yi a gida dabam, wanda mutum ya iya dabam. Addini kuma duk shekara goma ake tambayarsa, don haka babu shi a 2016. Musulmi sun tashi daga kashi 2 a 2001 zuwa kashi 4.9 a 2021. Alƙaluman ma'aikatar shige da fice, IRCC, suna ƙirga waɗanda aka karɓa a shekara ne, ƙidaya kuma tana ƙirga waɗanda ke zaune a ranar ƙidaya. Ba a haɗa su a layi ɗaya.

Idan tambayarka ta wuce abin da jadawali zai amsa, sai bayanan ɗaiɗaikun mutane. Mataki na farko shi ne fayil ɗin da aka cire wa duk abin da zai tona mutum, wanda ake kira PUMF. Na ƙidayar 2021 samfuri ne na kashi 2.7 cikin ɗari na jama'a. An dunƙule shekaru rukuni-rukuni, an yanke kuɗin shiga mafi yawa, wuri kuma bai wuce lardi da manyan birane ba. Ɗaliban jami'o'in Kanada suna samun irin waɗannan ta laburarensu, ta shirin Data Liberation Initiative da aka fara a 1996 da kuma rumbun Odesi. Kusan kowace babbar jami'a tana da ma'aikacin laburare da wannan ne aikinsa. Ka je wurinsa tun kana tsara tambayar bincike, zai rage maka wahalar watanni.

A nan ne kuskure mafi muni yake, wato mantawa da nauyi. Kowane layi a fayil yana da wata lamba da ke nuna mutum nawa yake wakilta. A fayil ɗin ƙidaya kowane mutum yana tsaya wa kusan 37. A binciken ma'aikata na wata-wata, wanda ke tambayar gidaje sama da 50,000, nauyin ya bambanta ƙwarai, domin da gangan ake ɗibar ƙananan larduna fiye da rabonsu. A 2021 lardin Prince Edward Island mutum 154,331 ne, na Ontario kuma 14,223,942. Da an ɗiba daidai rabo, da ƙaramin lardin bai samu isassun gidaje ba. Idan ka lissafa matsakaici ba tare da nauyi ba, ka ƙara wa ƙananan larduna murya, kuma manhajar ba za ta yi maka gargaɗi ba, lamba za ta ba ka mai kyan gani. Ko ka sa nauyin, da sauran aiki. Samfurin rukuni-rukuni aka ɗebo shi, don haka tazarar kuskuren da manhaja ke bayarwa kai tsaye ta yi ƙanƙanta, sai ka ga bambanci ya fito kamar tabbatacce alhali ba haka ba ne. Maganinsa shi ne jerin ƙarin nauye-nauye, 500 ko 1,000, da hukumar ke bayarwa tare da bincike irin na lafiyar al'umma, CCHS. Umarnin svy a manhajar Stata da kunshin survey a R duk suna karɓarsu. Littafin jagoran da ke tare da kowane fayil ya faɗi wane nauyi za a ɗauka da mafi ƙarancin adadin da aka yarda a buga. A nan ne kuma za ka ga wa aka bari a waje: binciken ma'aikata ba ya shiga yankunan da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasa, ba ya ƙirga sojoji da mazauna gidajen yari da na kula da tsofaffi, kuma daga shekara 15 yake farawa, na Amurka kuma daga 16. Wallahi karanta wannan littafin ya fi sauke fayil goma amfani.

Masu binciken talauci su sani ma'auni uku ne. MBM, wanda ke auna kuɗin kwandon bukatun yau da kullum, shi ne na hukuma tun dokar 2019. LIM rabin kuɗin shigar gidan da ke tsakiya ne, shi ya fi dacewa da kwatanta ƙasashe. LICO tsoho ne, a kan yadda ake kashe kuɗi a 1992 aka gina shi. Ka zaɓi ɗaya, ka faɗi dalili. Lambobin sana'o'i ma sun sauya a 2021, daga lamba huɗu zuwa biyar, sai da jadawalin daidaitawa ake kwatanta su da na baya.

Cikakkun bayanai, irin rumbun IMDB da ya haɗa takardun shigowar baƙi da takardun harajinsu, ba a sauke su. Sai a cibiyoyin bincike na musamman, RDC, da ke jami'o'i da dama tun 2000. Za ka rubuta takardar neman izini ka nuna cewa fayil na kowa da kowa ba zai amsa tambayarka ba, a tantance ka ta fuskar tsaro, ka yi rantsuwar riƙe sirri a ƙarƙashin dokar ƙididdiga, sannan duk sakamakon da za ka fitar sai ma'aikacin hukumar ya duba shi, kuma gurbin da mutanensa suka yi kaɗan ba zai fita ba. Wannan yana cin watanni. Mai digiri na biyu na shekara ɗaya ya zauna da malaminsa tun zangon farko su yanke shawara ko lokaci zai isa. Wanda ke Kano, Zariya ko Maraɗi kuma ya gina tambayarsa a kan jadawalai da fayilolin da ke buɗe, ko ya nemi abokin aiki a wata jami'ar Kanada wanda zai shiga cibiyar da sunan aikin haɗin gwiwa.