Yadda Bazazzagin Nan Ya Kai Ni Yaƙin da Aka Gama Tun 1561

Tunda bidiyon faɗuwar da na yi a wajen biki ya riga ya zaga guruf, har daga Kano an turo mini shi ana tambayar ko lafiya, gara ku ji daga bakina. Wanda ya ɗauka bai danna waya ba sai da ya ga na kai ƙasa. Kun dai san shi. Bazazzagin nan.

Daren Lahadi ya shigo ɗakina ya ce gobe tunda babu aiki mu je Sóller, garin lemon nan na bayan duwatsu a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, ana bikin shekara. Na ce bikin me? Ya ce biki dai, ana cin ado, ana kiɗa, duk Mayorka tana can. Sai ya ɗaga kai ya kalli jakar da ke saman kwaba, ya ce, "Malam, ai ranar kayan nan naka ce ta zo."

Kayan nan kuwa kun san tarihinsu. Farar gezna, babbar riga da 'yar ciki da wando, aikin hannu a ƙirji. Tun kafin azumi na tura kuɗi, telan nan na bakin layinmu ya rantse har da girman iyayensa. Yau babu wuta, gobe mai surfani ya tafi ƙauye biki, jibi an gama saura bugu. Sallah ta zo ta wuce, na je idi a Palma, babban birnin Mayorka, da tsohon kaftanina. Sai da uwargida ta ɗauki kujera ta zauna masa a ƙofar shago ta ce ba inda za ta, sannan kayan suka fito, aka kuma zauna jiran mai tahowa. Har shigowar watan Mayu ko sau ɗaya ban sa su ba, karinsu na nan yadda mai bugu ya bar shi. Mutumin nan har gobe in an yi masa magana cewa yake ai ya cika alkawari.

Da safe na feshe jiki da turare, na kafa hula Zanna Bukar, na zura sabon sau-ciki. Bazazzagi ya fito da baƙar rigar da yake fenti da ita, wai duk kayansa na wanki. Ya ce ba ma shiga bas, sai jirgin katakon nan da yake ratsa ramukan dutse tun 1912. A bakin tagar tikiti ya laluba aljihu, ya manta walat. Ni na biya. A cikin jirgi Jamusawa suka yi ta ɗaukata hoto, ban ga laifinsu ba, rigar ta isa.

Muna sauka na ga gari ya kasu biyu. Rabi sun yi shigar manoman da: maza da buje-bujen wando da malafa, mata da dogon siket da farin mayafi mai zagaye haɓa. Ɗaya rabin kuwa rawani ne, da takubban katako, da tutoci masu jinjirin wata, kowa ya shafe fuskarsa da baƙin fenti har kunne. Ban gama kallo ba wani matashi mai rawanin tawul ya hango ni, ya ɗaga hannu biyu sama ya kwarma ihu, "Moro!" Abokansa suka juyo suka ɗauki tafi. Na waiwaya in ga wa ake wa, sai na ga Bazazzagi yana tura auduga a kunnensa.

Sai a nan ya ga damar yi mini bayani, yana yi yana danne dariya. Bikin sunansa Es Firó, ana yinsa Litinin ɗin da ta biyo bayan Lahadi ta biyu a watan Mayu. Ranar 11 ga Mayun 1561 mayaƙan ruwa da suka taso daga Aljeriya ƙarƙashin wani Uluj Ali, jirage sama da 20, mutum fiye da 1,500, suka sauka a gaɓar nan don su kwashe garin. Sun tsaya ɗiban ruwa a tsibirin Ibiza, labari ya riga su isowa, mutanen gari suka shirya ƙarƙashin kyaftin ɗinsu Joan Angelats suka fatattake su. Shi ne duk shekara suke sake yaƙin. Masu rawanin nan su ne Moro, wato Musulman da suka kawo harin. Duk 'yan garin ne, maƙwabtan juna, da safe sun gaisa a wajen sayen burodi.

Na ce, "To ni yanzu a wane ɓangare nake?"

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Malam, kai ma ka sani."

Bayan azahar ƙararrawar cocin Sant Bartomeu ta fara bugawa ba ƙaƙƙautawa, mai wasan kyaftin ya yi wa manoma huɗubar yaƙi, jama'a suka ɗunguma zuwa bakin teku. Tafiya ce mai ɗan nisa, sabon takalmi kuma ba ya san haka. Duk tsawon hanya ana dafa ni ana yaba mini. Wani ya kama hannun rigar ya murza yadin yana tambayar a wane shago na yi haya. Haya! Wani ya miƙo mini gorar giya, na ce ni Musulmi ne, ya bushe da dariya ya ce yau ai shi ma Musulmi ne, ya ɗaga ya kwankwaɗa. Wani kuma ya turo mini burodi da jan tsiran aladen nan nasu, sobrasada, yana cewa "salam alekum" da iya ƙarfinsa. Tunda nake ban taɓa ganin rundunar Musulunci irin wannan ba. Ba mamaki duk shekara ake cin su.

To, a bakin yashin Can Generós ne, inda jiragen Moro suke fara yunƙurin sauka, abin ya same ni. Na samu gefe na tsaya, na tattare hannun riga a kafaɗa, ina kare ta daga jama'a. Sai ga wata 'yar tsohuwa cikin shigar manoma, gajeriya, da ƙyar ta kai ƙirjina, ta tsaya a gabana ta zuba mini ido. Ta zagaya ta bayana ta dawo. Ta shafa surfanin ƙirjin da yatsa tana gyaɗa kai. Ta ce shekara da shekaru tana ganin Firó, ba ta taɓa ganin wanda ya yi shiga kamar tawa ba. Na ce na gode, Iya. Ta ce ga yaran yanzu sai su naɗa labule a ka su ce rawani ne, amma ni na ba abin haƙƙinsa. Na sake godiya. Sai ta ɗaga kai ta ƙura wa fuskata ido, ta ce abin da ya fi burge ta fentin ne. Wai ko ɗigo bai zuba ba, ga zafin rana, har wuya, har bayan kunne, har hannu.

Ina haɗa kalmomin Sifaniyancin da zan ba ta amsa a kaina, na ga ta kai babban yatsa baki ta lasa.

Jama'a, na ga yatsan yana tahowa. Ina da lokacin kaucewa, amma an rene mu a kan ba a goce wa tsoho. Ta yi ɗage, ta kamo haɓata da hannun hagu, ta ɗora yatsan a kuncina ta goga. Ta duba yatsan. Fes. Ta ɗan ɓata rai. Ta sake lasa, wannan yatsan dai da ya riga ya taɓa ni, ta sake gogawa, yanzu da ƙarfi, har kaina yana juyawa. Ta duba. Ta kira wata ƙawarta ta zo ta gani. Ƙawar ta zaro hankici daga aljihun siket. Ni kuma ina tsaye, magidanci, mai 'ya'ya, cikin gezna, baki ya ƙi buɗuwa, sai ƙamshin lemo da nake ji a yatsan tsohuwa. Jama'a sun fara zagaye mu. Wani Bajamushe mai jar fuska yana tsaye daf da mu yana lasar askirim, bai ce komai ba, bai yi dariya ba, bai tafi ba, lasa kawai yake yana kallo. Wallahi shi ya fi ba ni haushi a duk wurin.

Da ƙyar na ce, "Iya, da shi aka haife ni."

Ta tsaya, yatsa a sama. Na ga maganar tana shiga a hankali. Fuskarta ta yi ja, jan ya sauka har wuya. Ta dafe baki, ta kira sunan Maryamu, ta kira wasu waliyyai, ta riƙe hannuna biyu tana "perdona, perdona", tana neman yin kuka. Ƙawar ta mayar da hankici aljihu ta sulale. Sai ga shi ni da aka goge ni nake ba da haƙuri, ina cewa ba komai Iya, ba komai. Ta buɗe kwandonta ta fara ɗura mini lemo a aljihun riga, tana sawa ina cewa ya isa tana ƙarawa. Daga baya da na ji labarin matan nan biyu 'yan gida ɗaya na Can Tamany, Francisca da Catalina, da aka ce da sandar tokare ƙofa suka gama da 'yan harin da suka shigar musu gida, har yau ana zaɓen 'yan mata biyu duk shekara su tsaya a madadinsu, sai na gode Allah da tawa tsohuwar yatsa kawai ta zo da shi.

Ina cikin rarrashin nan ne wani manomi a bayana ya saki bindiga.

Ni Bakano ne, na tashi ina jin 'yan bindigar sarki a hawan Daushe, amma su ana ganin tahowarsu, mutum ya shirya. Wannan a ƙeyata aka sake ta. Ban san lokacin da na ce innalillahi na yi sufa ba. Daga nan bidiyonku ya fara. Abin da kuke gani yana gangarawa lemon tsohuwa ne. Abin da ya tashi sama hulata ce. Ƙarar da kuke ji kamar ana yanka akuya kuwa dariyar mai ɗauka ce, ba tawa muryar ba, ina so a gane wannan.

Ina kwance Moro suka fara sauka daga jirage, hayaƙin albarushi ya turnuƙe. Wasu daga cikinsu suka hango ɗan'uwa ya faɗi a fagen fama, suka rugo ceto. Hannu ya fi goma, kowanne jiƙe da baƙin fenti da gumi. Suka ɗaga ni, suka kaɗe mini yashi, gaba da baya, suka rungume ni ɗaya bayan ɗaya. Wani ya riƙe kumatuna ya sumbaci goshina. Da suka sake ni na sunkuya na kalli rigar, ana iya ƙirga yatsun kowa a jiki. Akwai tafin hannu guda cikakke a daidai mazaunai, wanda ban san da shi ba sai da muka koma gida, kuma Bazazzagi ya yini yana tafiya a bayana.

Allah ya haɗa ni da wani ɗan Maroko mai aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a bakin ruwan. Ya leƙo ya gan ni, ya yi sallama ta gaskiya, ya ce, "Ɗan'uwa, zuwanka na farko ne?" Ya ba ni ruwa na yi alwala, ya shimfiɗa mini kwali a bayan firiji na yi la'asar, kunne ɗaya yana ta ƙugi. Ya ce shi ranar Firó ko shara ba ya fita zubarwa.

Aka yi karo na biyu a yashin en Repic, Moro suka samu sauka, aka sake gwabzawa a gadar en Barona, aka nufo gari. Gaskiya a nan na ɗan ji daɗi, tunda mu ke kan gaba. Na ce tunda riga ta riga ta tafi, bari in ga ƙarshen abin a dandali. Muka isa shinge, mai tsaro ya tare ni ya ce ina abin hannuna. Ashe a karon ƙarshe ba a shiga dandalin sai da wani zobe na roba da ake ba waɗanda suka yi rajista. Na ce ni Moro ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba ya ganin sunana a Moro. Tun safe garin nan kaf babu wanda bai kira ni Moro ba, an goge ni an tabbatar, amma wai yanzu sai da takarda. A wani lungu muka tsaya, muna jin bindiga da ihu, har aka ci mu kamar yadda aka saba, suka haɗu gaba ɗaya da masu rawani da masu malafa suna rera taken Mayorka.

A bas ɗin dawowa Bazazzagi ya ɓare lemon da ya tsinto, lemona, ya shanye bai ba ni ko ɓari ɗaya ba, yana cewa lemon Sóller ba shi da na biyu, shi ya sa a da har Faransa ake kai shi. Na kira gida, uwargida ba ta tambayi kunnena ba, cewa ta yi, "Malam, rigar da na yi wa zaman dirshan?" Mai wanki a unguwarmu ya juya ta ya juya, ya ce zai gwada amma kada in sa rai da wajen ƙirjin.

Hular kuma ban same ta ba. Wani abokin aikinmu ya ce ya ga hoton wani Moro a Facebook da irinta a ka, ya sa ta a karkace, gaba a baya. Na ce ya nemo mini hoton, har yanzu yana nema. Shi kuma Bazazzagi jiya yake ce mini a watan Janairu akwai na Sant Antoni a Sa Pobla, ana hura wuta a tituna, masu shigar shaiɗanu suna rawa, wai shi ma ana cin ado. Kuɗin jirgi dai bai biya ni ba.