Masu kallo namu ne, rumfar ta wasu ce

Shekarata goma sha ɗaya a Legas. A Agege nake kwana, a Computer Village ta Ikeja nake wuni ina gyaran waya. Duk daren da aka saki sabon kashi na wani fim mai dogon zango, bencin mai shayin layinmu cika yake maƙil: masu kayan gwari da suka taso daga Mile 12, masu gadi, 'yan canji, kowa ya sunkuya kan waya ɗaya. In data ta ƙare a tsakiyar kallo, kafin ka ce kwabo wani ya zaro kuɗi an sake sayowa. Kamfanin layi ya samu nasa. YouTube ya samu nasa daga talla. Wanda ya kwana yana rubuta labarin a Kano fa, da wanda ya riƙe kyamara cikin rana, me ya isa hannunsu?

YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla, amma farashin tallan ya danganta da inda mai kallo yake zaune. Kallon da aka yi daga Agege ko Fagge ba ya kawo abin da kallon Landan yake kawowa. Shi ya sa za ka ga fim ya tara miliyoyin masu kallo, furodusa kuma yana bin 'yan siyasa da masu maganin gargajiya don su saka talla ya biya ma'aikata.

Da ba haka abin yake ba. Tun daga Turmin Danya a 1990 har zamanin faifan CD, kasuwar fim ɗin Hausa a hannunmu take. Dillalan Ƙofar Wambai suna da laifinsu, satar fasaha ma ta yi ɓarna, amma kuɗin a Kano yake juyawa. Da faifai ya mutu, sai muka koma 'yan haya a rumfar da ba mu san mai ita ba.

Mutanen nan na Legas su ma faifan ya mutu a hannunsu, a Alaba da Idumota. Abin da suka yi daga baya ne ya bambanta mu. Silverbird ta buɗe sinima a Victoria Island a 2004, wasu suka biyo baya, har fim ɗin Funke Akindele ya haura naira biliyan ɗaya a gidajen kallo a farkon 2024. Jason Njoku ya kafa iROKOtv, manhajar kallon fim ta intanet. Yaran Legas suka gina hanyoyin biyan kuɗi ta intanet, har kamfanin Stripe na Amurka ya sayi ɗaya daga cikinsu, Paystack, a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Ba su fi mu iya ba da labari ba, wallahi ba su fi mu ba. Sun dai gane cewa hanyar da ke tsakanin fim da mai kallo ita ce dukiyar, suka zuba jari a kanta.

Kuma kada wani ya ce don ba su damu da al'ada ba ne. Ina garin nan a 2023 lokacin da Prime Video ya saki Gangs of Lagos. 'Yan asalin Isale Eko, tsohuwar unguwar Legas, suka fusata kan yadda aka nuna dodon Eyo a matsayin rigar 'yan daba, gwamnatin jiha ta yi tir, aka tafi kotu. Fim ɗaya aka kama da laifi, da shi aka yi shari'a. Ban ji wanda ya ce a rufe sana'ar ba.

Mu kuwa a 2016 gwamnatin tarayya ta zo da shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ca a kai, aka janye shi. Na fahimci tsoron malamanmu, ni ma uban 'ya'ya mata ne, kuma akwai abubuwan da nake gani a TikTok da ba zan so su shigo gidana ba. Amma janye shirin bai hana rawa da waƙa ba. Sun koma cikin waya, inda babu malami, babu hukuma, babu uba. Da an gina wurin da sharuɗɗanmu, da yau muna da inda za mu tsaya mu ce ga yadda za a yi. A 2025 kuma Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a lokaci guda saboda ba a kai mata su ta duba ba. Doka doka ce, a bi ta. Tambayata ita ce, tun 2001 da aka kafa hukumar, wace kasuwa aka gina wa waɗanda suka bi dokar?

Ba ina cewa mu kwafi Legas ido rufe ba. Su ma sun sha wuta. A Janairun 2024 Amazon, mai Prime Video, ya daina zuba kuɗi a sababbin finafinan Afirka, masu shirya fim da yawa a nan suka wayi gari ba madafa. Lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, na ga masu sayar da kaya ta nan suna kuka da idona. Wanda ya hau motar kwaɗayi, an san tashar da zai sauka. Sai dai su ko baƙo ya tafi, suna da sinimarsu da manhajojinsu da za su koma.

Abin da nake roƙo ba babba ba ne. Alhazanmu na Kantin Kwari da Singa, da na nan Agege da Idi-Araba, su ɗauki fim a matsayin haja kamar atamfa da shinkafa. Ƙananan ɗakunan kallo masu tsafta, da ɓangaren iyali, a Kano da Kaduna da Zangon Agege. Manhaja mai sauƙin data wadda mai gadi zai biya ɗari biyu daga wayarsa. An gwada irinta da Northflix, kuma gwaji ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Ali Nuhu yana shugabantar Hukumar Finafinai ta Najeriya tun 2024, ƙofa ce da ba mu taɓa samun irinta ba.

Makon jiya ƙanena ya kira ni daga Kano. Shekara shida yana haɗa hoton fim a kwamfuta, wata uku ke nan ba a biya shi aikin ƙarshe ba. Ya ce, "Yaya, ka nema mini ko ina ne a nan wajenku." Na samo masa wuri a wani ɗakin haɗa fim a Surulere. Bayan Sallah zai hau mota, kuma finafinan Yarbanci zai riƙa haɗawa.